Ganyen Gwaiba da Koren Famfon Joynal

Shekarar da masu gwajin ruwa suka zo Dholkandi da gwangwanayen fenti, gida biyu suka haɗa faɗa, kuma masu gidajen nan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Famfon Motaleb suka shafa wa ja a baki. Na ƙanensa Joynal, can bayan gonar ayaba, suka shafa masa kore. Ja, kada a sha, akwai gubar da suke kira arsenik. Kore, a sha. Suka wanke hannu, suka ci shinkafa da kifi a gidan Joynal tunda nan azahar ta same su, suka hau kwalekwalensu suka bar mu da masifa.

To ai dole a yi magana. Ruwan Motaleb garau yake, sanyi ƙalau, ka sha ka nemi ƙari. Shi ne famfon tuƙa-tuƙa na farko a unguwar, da hannunsa Motaleb ya riƙe bututun ana kafawa, bayan shekarar da amai da gudawa suka kwashe yara saboda shan ruwan tafki. Duk wanda ya tashi a unguwar nan da ruwan Motaleb ya tashi. Na Joynal kuwa, tir! Ka tuƙa ya fito da ƙarnin ƙarfe, ka ajiye shi ya koma ja da tsatsa. Shinkafa ta yi duhu, shayi ya yi baƙi, farin sari, zanen da matanmu ke ɗaurawa, ya koma ruwan ƙasa. Ko wanki mata ba sa kai masa. Sai ga shi wai shi ne lafiyayye, shi kaɗai a duk unguwar.

Anwara, matar Motaleb, ita ma da farko tsaki ta yi. Tana nan tana shan ruwan gidansu har ranar da ta tuɓe 'yarta Moyna za ta yi mata wanka, ta ga ɗige-ɗige a bayan yarinyar, baƙi da fari, kamar an yi yayyafi a kan ƙura. Sabulu ya suɓuce mata. Ta san ɗigon nan farin sani. Shi ne a ƙirjin mijinta, wanda yanzu tafukan hannunsa suka yi kanta suka tsattsage har ba ya iya damƙe lauje sai ya naɗe su da tsumma. Shi ne ya fara fitowa a jikin surukarta kafin ƙafarta ta ruɓe ta mutu tana wari. Moyna kuwa ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba.

Ta saɓa yarinyar a kafaɗa sai ɗakin shan magani na bakin kasuwa. Ma'aikaciyar ta duba bayan, ta duba tafin hannu, ta sauke mata riga.

"Wane fenti ne a famfonku?"

"Ja."

"Kuma kuke sha?"

"Ai babu abin da ya samu ruwan, 'yar'uwa. Da kin gan shi..."

"Ba a ganinsa. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Ni ba ni da ƙwayar da zan ba ki. Yarinya ce ƙarama, in kika canza mata ruwa yanzu, akwai rabon ta tsira. In ba ki canza ba, kin dai ga abin da yake yi wa manya."

Washegari Anwara ta ɗauki tulu ta ratsa gonar ayaba. Rabonta da gidan Joynal tun rigimar iyakar gona, don haka Shefali, matar Joynal, tana hango ta ta saki tsintsiya ta riƙe ƙugu.

"A'a! Yau sarauniyar ruwan sanyi ce a gidanmu? Yaya, ɓatan kai kika yi? Ai ke kika ce ruwanmu ko akuya ta sha sai ta yi tsarki."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Ke dai tuƙa min, baki kamar reza."

Shefali ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta kalli fuskar Anwara sosai. Ta kama hannun famfon. Ita ta koya mata a bar ruwan ya jima a tulu tsatsar ta kwanta, a tace da tsohon sari, sai ƙarnin ya ragu.

Motaleb bai gane ba sai da ya ga shinkafar dare ta yi duhu. Ya ɗaga loma ya sansana, ya miƙe ya nufi bayan ɗaki, ya samu tulun a ɓoye ƙarƙashin kwando. Ƙafa ya sa masa. Tulu ya tarwatse, jan ruwa ya malale tsakar gida.

"Baban Moyna, don girman Allah ka duba bayan 'yarka."

"Ƙurajen zafi ne!"

"Na hannunka ma na zafi ne? Na Inna fa?"

Marin da ya sauke mata sai da ta ga wuta. Shi ma ya ji a jikinsa, don tsagar tafin hannunsa ta buɗe, jini ya ɓata mata kunci. Ya tsaya yana huci, idanunsa sun kaɗa.

"Wato ni na kashe uwata ke nan? Faɗi mana! Ni na haƙa, ni na tuƙa, ni na kai mata a kofi tana sa min albarka. Ni na shayar da unguwar nan guba ko? Saboda wasu 'yan birni sun ci kifi a gidan Joynal?"

Wallahi tausayinsa ta ji, duk da kunnenta na ƙugi, don ta gane ba da ita yake faɗa ba. Amma tausayi ba zai goge ɗigon bayan Moyna ba. Ta aro tulun ƙarfe wanda ba ya fashewa, ta ci gaba da zuwa gidan Joynal duk sanda ya tafi gona. Shi da ita suna shan na gida, yarinya tana shan na kore.

Ba ita kaɗai ba ce. Gidaje da dama sun koma ɗiba a wurin Joynal, suna ɗiba suna gunaguni. Wannan ta ce cikinta ya kumbura, waccan ta ce haƙoran ɗanta sun dafe. Masu gyambo suka zuba ido su ga sun warke, gyambo ya ce yana nan daram. Ana cikin haka tsoho Kasem Ali ya cika. Ƙafarsa ta daɗe tana ci, kowa ya sani, amma ɗansa Ekram mai tuƙa keken haya abu ɗaya ya riƙe: da hannunsa ya riƙa ɗebo wa tsohon ruwan kore, ga shi tsohon ya mutu.

Da hantsi aka kai shi makwanci. Anwara tana gidan rasuwa cikin mata, kuma ganin rana ta take, ga baƙi, ta zagaya gidan Joynal ta ciko tulu don masu zaman makoki. Tana dawowa maza suna dawowa daga maƙabarta, laka har gwiwa, diga da shebur a kafaɗa. Suka tsaya ƙarƙashin bishiyar gwaiba da ke gaban teburin Sobhan mai shayi. A nan Motaleb ya tare ta ya fizge tulun daga ƙugunta.

"Jama'a, ku matso!" ya ce. "An ce gani ya kori ji. Jiya a jirgin fito wani mutumin ƙetare ya nuna min yadda suke kama gubar nan a garinsu, ba sai an jira masu fenti ba. Sobhan, ba ni kofin gilashi biyu."

Ya ciro kwalba daga ƙugunsa ya cika kofi ɗaya. "Wannan nawa ne, mai jan fenti." Ya tsiyaya na tulun a ɗayan. "Wannan na ƙanena ne, mai kore. Ga wadda ta ɗebo shi nan, matata ce, ku tambaye ta." Ya tsinko ganyen gwaiba ya murje shi da tsagaggun hannuwansa, ya raba biyu ya jefa a kowane kofi.

Ruwan Motaleb ya ɗan yi tsanwa-tsanwa ya tsaya. Na Joynal ya fara duhu daga ƙasa, ya yi shuɗi, ya rine baƙi ƙirin kamar tawada, kowa yana kallo.

"Innalillahi!" in ji wani dattijo.

"Ni dama na faɗa," in ji Sobhan. "Shayina ma haka yake yi da ruwan nan. Ruwa ai ba ya tsami banza."

Kaico! Ganyen gwaiba babu ruwansa da arsenik. Da ƙarfe yake rigima, in ya tarar da ƙarfe a ruwa sai ya baƙanta shi, kuma ƙarfen nan muni gare shi kawai, bai taɓa kashe kowa ba. Ainihin mugun yana kwance lafiya a cikin kofin da ya fito garau. Amma wa zai gaya wa mutanen da yanzun nan suka baro bakin kabari? Ita kanta Anwara da ta ga baƙin nan sai da ta ce a ranta ko dai abin da take ɗura wa 'yarta ke nan. Sai ta tuna ɗigon bayan Moyna ya riga tulun kore na farko zuwa.

"Ba haka ba ne!" ta ɗaga murya, ita da ba ta taɓa magana a taron maza ba. "Baba Kasem tun kafin a zo da fenti ƙafarsa ke ruɓewa! Duk mai gyambo a nan ruwan gidanmu ya sha! Baban Moyna, kai ma ka sani!"

"Rufe mana baki!" wani ya daka mata tsawa.

Ekram ya ɗauki baƙin kofin ya ɗaga shi sama, hawaye na bin gemunsa. "Wannan na ba ubana? Wannan? Baffa Motaleb, da hannuna fa!" Ya maka kofin da bishiya. "Joynal ya sayi masu fenti da kifi, ya kashe min uba! Wallahi yau sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi!"

Ya saɓa diga ya zabura, jama'a suka rufa masa baya. Wani ya yi ƙwallo da tulun, ruwan ya bi ƙasa.

Anwara ta tattare sari ta yanki gonar ayaba da gudu, ƙaya na yagar ƙafafunta. Joynal bai dame ta ba a lokacin, Allah ya sani, famfon ne a ranta. In aka taɓa shi, koren da ya fi kusa yana ƙetaren kogin Megna, kuma babu macen da za ta riƙa haye kogi kullum da tulu. Ta riga su isa da ƙyar.

"Shefali! Ku shige ɗaki ku sa sakata! Suna zuwa!"

Joynal yana tsugune yana gyaran taru. Mutum ne mai sanyin hali amma ga taurin kai irin na gidansu, maimakon ya shige sai ya miƙe ya tsaya a bakin darni. Suka ɓullo ta kan hanya suna ihu, Motaleb da Ekram a gaba.

"Yaya, lafiya? Me ya..."

Ekram ya sauke masa ƙotar diga a baki. Aka ji ƙas, Joynal ya dafe fuska, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ya tofar da haƙora a ƙasa. Kafin ya ɗago wani ya zabga masa gora a gadon baya, wani ya kwashe ƙafafunsa. Suka rufe shi da duka. Mutanen da jiya-jiyan nan suke layi da tuluna a tsakar gidansa suna ce masa sannu da ƙoƙari, su ne suke tattaka shi, suna kiransa mai guba, suna zagin uwar da ta haife shi alhali ga ɗanta ɗaya a cikinsu. Shefali ta fito da wuƙar gyaran kifi tana kururuwa. Aka murɗe mata hannu, aka finciko gashinta aka wurga ta cikin kwata.

"Yaya!" Joynal yake kira daga ƙarƙashin ƙafafu. "Yaya, ni ne fa!"

Motaleb bai doke shi ba, bai kuma hana ba. Ko waiwaye bai yi ba, famfon ya nufa da ƙarfen haƙa a hannu, ya tarar da matarsa ta rungume shi, ta saƙala hannuwa da ƙafafu, ta manna kunci a kan koren fentin.

"Tashi."

"Ba zan tashi ba."

"Ke, tashi na ce, kada ki kunyata ni a gaban mutane!"

"Ka kashe ni a nan. Baban Moyna, na yarda ba laifinka ba ne, wallahi ba laifinka ba ne, babu wanda ya sani a lokacin. Ka bar mata wannan ɗin kawai. Ka ce duk abin da kake so, ka ce naka ne mai kyau, ni zan sha naka har in mutu. Ka bar wa yarinyar nan wannan."

Ta rantse daga baya cewa saura ƙiris ya saki ƙarfen. Amma mutane sun gama da Joynal sun juyo, sun kewaye su, kuma namiji a gaban taro ba shi da linzamin kansa. Ya jefar da ƙarfen ya kama ƙugunta yana ja. Ta ƙanƙame. Wasu biyu suka kama ƙafafunta, sarinta ya yage har kafaɗa, ta gantsara wa ɗaya cizo a hannu sai da ta ji gishirin jini. Ba ta saki ba.

"Ku kauce!" in ji Ekram.

Famfon ya auna, ko dai ita, shi ma bai sani ba. Digar ta sauka a kan damtsenta inda ya naɗe ƙarfen. Ta ji ƙashin ya karye kafin zafin ya iso. Hannun ya saki da kansa, suka ja ta a ƙasa suka yar a gefen turken saniya.

Daga nan kwance take kallo. Suka yi ta dukan kan famfon da diga da guduma har ƙarfen ya tsage ya faɗi gefe, bututu ya bayyana tsirara, ruwa na ƙyalli a cikinsa. Da a nan suka tsaya, da an sayo sabon kai an ɗaura. Sai wani mai wayon banza ya ce ai gobe ma za a gyara. Suka kwaso fasassun bulo da tsakuwa da laka, suka riƙa ɗurawa a bututun suna dannawa da gora. Motaleb da kansa ya durƙusa yana cusa tsakuwa, tsumman hannunsa ya jiƙe jawur, yana cusawa yana kuka. Anwara tana jin ƙarar kowace tsakuwa tana gangarawa, tun ana ji daga nesa har ƙarar ta dawo kusa, har ta daina.

Da abin ya lafa sai kowa ya fara neman takalminsa. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Aka ɗora Joynal a kan ƙyauren ƙofa aka nufi bakin kogi da shi, yana numfashi sama-sama, Shefali na biye tana jan ƙafa, laka har gashinta. Da ta zo wucewa ta kusa da Anwara ta tsaya.

"Kin ga abin da tulunki ya ja mana, Yaya?" Ba ta jira amsa ba.

Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta ɗaure wa Anwara hannun da tsagin gora, ta rako ta gida bayan la'asar. Rana ta yi sanyi amma ƙasa na ta huci. Ta zauna a dokin ƙofa ta jingina da bango, hannun na bugawa har cikin kanta. Moyna ta fito daga ɗaki, fuska duk busasshen hawaye, ta raɓa jikin uwar. Tun safe aka bar ta ita kaɗai, ɗan ruwan da aka tace mata ta shanye tun kafin azahar.

"Inna, ƙishi."

Anwara ta dubi tulunan gidan, duk na famfonsu ne a ciki. Ta dubi tafkin bayan gida, kore shar da gansakuka, agwagi na iyo, ga bakin masai na maƙwabta a gefensa. A tafasa shi ma sai da itace da hannu biyu, kuma gobe fa, da jibi? Ta ce wa yarinyar ta ɗan yi haƙuri.

"Inna, maƙogwarona zafi."

Motaleb ya shigo. Bai kalli matarsa ba. Ya ji abin da yarinyar ta ce, ya wuce wurin famfonsa, ya kwance tsumman hannunsa ya wanke jinin, ya yi ta tuƙawa har ruwan ya fito da sanyinsa na can ƙasa. Ya ɗauraye ƙaramin kofin Moyna ya sake ɗaurayewa, ya cika shi, ya taho a hankali kada ya zube. Ya tsuguna a gaban 'yarsa. Duk duniya babu abin da yake so kamar yarinyar nan, wannan ko maƙiyinsa ya shaida.

"Ungo, uwata. Sha. Kin ga yadda yake garau? An gama, babu mai sake ba ki wancan ƙazamin."

Moyna ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Uwarta ta sha ja mata kunne a kan famfon nan, har rantsuwa ta sa ta yi. Ta juyo ta kalli Anwara, leɓenta a bushe sun yi fari, tana haɗiyar yawun da babu.

Motaleb ma ya juyo, karo na farko, yana riƙe da kofin da hannu biyu.

Anwara ta daɗe tana kallon ruwan. Ko ɗigon datti babu a ciki.

"Sha," ta ce.